Ranar da Ɗari Ba Ta Kai Casa'in da Tara Ba

Masu cewa in daina jan rai in faɗa muku yadda zuwan Mai Ƙwai gidanmu ya kasance, to ga ni, ku gyara zama. Amma kada wadda ta yi mini dariya, don da kwamfuta nake rubuta muku wannan, wayata ba ta hannuna. Za ku ji inda take.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce auta a gidanmu, aikina rubuta manhajar kwamfuta a wani ƙaramin kamfani. Mai Ƙwai kuwa shi ne mutumin da nake so. Yayata ce ta laƙaba masa sunan saboda sana'arsa ta ƙyanƙyashe ƙwan kaji da inji, sunan ya bi shi har Umma ta manta na gaskiyar. Injin ma ba na kanti ba ne. Shi ya haɗa abinsa da kafinta da mai gyaran wuta, wani ƙaton akwati kamar kabad ɗin kaya, a wani ɗaki can bayan gari. Zubin farko ne a ciki yanzu, ƙwai sun haura dubu, kuma duk abin da bawan Allahn nan ya mallaka yana cikin akwatin.

Sharaɗin Baba guda ɗaya ne. Bai ce sai mai mota ba, bai ce sai mai gida ba. Cewa ya yi, "Ya fitar da zubin farko da ƙoƙarinsa, babu hannun 'yata a ciki, sannan ya turo manyansa." Kada ku ga laifinsa. Yaya ta yi shekaru tana ɗauke da shagon mijinta a ka, ita ce buɗewa ita ce rufewa, da shagon ya tsaya da ƙafarsa mutumin ya sallame ta. Ta dawo mana da akwatuna biyu da ciwon baya. Tun ranar Baba ya ce ba zai sake kallon 'yarsa tana goya namiji ba.

Ni kuwa, Allah na tuba, hannuna dumu-dumu a cikin akwatin nan. Ni na rubuta manhajar da ke kula da zafinsa. Akwai ma'aunin zafi a ciki da ke aiko da rahoto a kai a kai. A irin ma'aunin nan, ƙwai yana son zafi ya tsaya dab da ɗari. In ya faɗo ƙasa da casa'in da tara, manhajata ta kunna hita, in ya koma daidai ta kashe, kuma duk abin da ta yi sai ta tura saƙo wayarsa da tawa. Aiki ne na 'yan kwanaki, na yi shi da son raina, ko roƙona bai yi ba.

Ana gobe zai zo gaida Baba na rubuta masa: "In ya tambaye ka ko da hannuna, ka ce babu."

Ya amsa: "Injiniya, ba na son in fara da Baba da ƙarya."

"Ba ƙarya ba ce, rufin asiri ne. Ka yi don ni."

"To."

"Kuma ka kashe wayarka tun daga ƙofar gida. Baba ya tsani yana magana waya tana kuka."

"An gama, ranki ya daɗe."

Ku riƙe waɗannan saƙonni biyu, don su ne suka kusa haukata ni.

Ranar tun safe Umma ta tayar da gidan tsaye. An canza rigunan kujerun falo, an fito da kofunan nan masu zanen gwal da ko taɓa su ba ma yi, an goge hoton aurensu da Baba da ke bango har sau biyu. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai aikin zare a wuya, Yaya ta ɗaura mini ɗankwali tana mita wai kaina kamar na kifi, ba ya riƙe ɗauri. Kwamfutata kuwa Umma ta ɗauke ta ɗora can saman kabad.

"Yau babu danne-danne," in ji ta. "Ki zauna kamar 'yar mutane."

Bayan la'asar ya iso. Ta labule na leƙa na gan shi cikin farar riga da ta sha guga, takalmi sai ƙyalli yake. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ciro waya, ya danne ta har ta mutu, ya mayar aljihu. Na ji daɗi har na yi murmushi ni kaɗai. Baba ya shigar da shi falo, aka ja ƙofa.

Ina zaune bakin gado ina murza yatsuna, wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin filo. Na jawo ta a ɓoye.

"Sanyi. Zafi: 100.4. An kunna hita."

Na karanta sau biyu. Ɗari da ɗoriya kuma sanyi? Na ce wataƙila tuntuɓe ne na lokaci guda. Ban gama rufe baki ba wani saƙon ya shigo.

"Sanyi. Zafi: 101.2. An kunna hita."

Na ja kujerar madubi na hau, da doguwar riga da komai, na miƙa hannu saman kabad.

"Ke, Umma za ta yanka ki," in ji Yaya.

"Ta yanka ni daga baya."

Na buɗe kwamfutar a kan gado, na shiga wurin da rahoton ma'aunin ke sauka yadda ya fito, kafin manhajata ta taɓa shi. Da can, in ya aiko, lamba ce tsirara take zuwa. Yanzu sai na ga 101.9 a tsakanin 'yan ƙugiyoyin nan biyu-biyu da ake sa wa maganar mutum a littafi. Nan take na tuna saƙonsa na safe, wanda na amsa da hoton zuciya ina tsaka da guga: "Tsohon ma'auni ya fara wasa, na sa sabo, yana aiki lafiya lau." Sabon ba lamba yake aikowa ba. Rubutu yake aikowa mai kama da lamba.

Na dafe kai na ce, "Innalillahi."

"Mene ne? Kin yi fari fat."

"Sabon ma'aunin rubutu yake turowa."

"Yi mini Hausa, Auta."

Na shiga yi mata bayani. Na ce a wurin kwamfuta lamba daban, rubutu daban, ko da a idonmu abu ɗaya ne. In lamba ka ba ta, tana auna wadda ta fi girma. Iyakar nan ta casa'in da tara Mai Ƙwai ne ya rubuta ta da hannunsa a wayarsa, don haka tun asali rubutu ce, amma da yake tsohon ma'aunin lamba yake kawowa, sai kwamfutar ta riƙa ɗaukar duka biyun a matsayin lamba, abin yana tafiya. Yanzu duka biyun sun zama rubutu. Shi kuwa rubutu ba a auna shi, jera shi ake yi, kamar yadda malami ke jera sunayen 'yan aji: harafin farko ake dubawa.

"To sai me?" in ji Yaya.

"Ɗari da ɗaya da me ta fara?"

"Da ɗaya."

"Casa'in da tara fa?"

"Da tara." Na ga abin ya shige ta. "Wato a wurinta ɗarin ce ƙarama."

"Duk yadda ya yi zafi, in dai da ɗaya ya fara, sanyi take gani."

"Har su dahu?"

"Har su dahu, Yaya."

Abin da ya fi ba ni haushi, wannan shi ne aikin da nake yi kullum a ofis. Ni ce mai yi wa sababbin ma'aikata faɗa cewa duk abin da ya shigo daga waje kada a yarda da shi, a mayar da lamba lamba, kwanan wata kwanan wata, kafin a yi komai da shi. Amma da na zo aikin masoyina sai na ce ai ma'auni ɗaya ne, na san halinsa, me zai canza?

Gyaran bai fi layi uku ba. Na sa manhajar ta mayar da zafin lamba, ta mayar da iyakar lamba, sannan ta gwada. In kuma aka aiko mata da abin da ba ya mayuwa lamba, kada ta yi tsammani, ta kashe hita ta tura saƙon gaggawa. Na gwada a kwamfutata, ya yi. Na danna in tura shi cikin injin.

"Shigar da lambar sirrin da aka tura wayar mai inji."

Jama'a, ni da kaina na sa wannan ƙa'idar. Ni na yi masa wa'azi cewa kada kowa ya iya taɓa injinsa daga nesa sai da izininsa, har da ni. Ya ce ai ke ba kowa ba ce, na ce a'a, ƙa'ida ƙa'ida ce. Ga ƙa'idar yau ta tsaya mini a wuya.

Na kira shi ko Allah zai sa. Matar nan ta waya ta ce a kashe take. Ɗakin injin yana can bayan gari a kulle, makullin yana aljihun farar rigar nan da ke falonmu.

"Sanyi. Zafi: 102.7. An kunna hita."

Umma ta turo ƙofa da faranti a hannu, ta ga kwamfuta a buɗe a kan gado, ta ajiye farantin a hankali. In Umma ta yi abu a hankali, to ranta ya ɓaci.

"Me na ce miki?"

"Umma, ƙwansa ne ke ƙonewa. Wayarsa kawai nake so, ya kunna ta."

"Ke ina kika san ƙwansa na ƙonewa?"

Na sunkuyar da kai. Umma ta dubi kwamfutar, ta dube ni, ta dubi Yaya. Ba ta buƙaci bayani ba.

"Kin kyauta," ta ce. "Kin kyauta ƙwarai. To ki bari su gama. Babanki bai taɓa sakin fuska da baƙo kamar yau ba, ina jin dariyarsa daga kicin. Kada ki ɓata."

"Umma, kin san Baba in ya fara labarin yadda ya fara aiki."

"Ya fara," in ji Yaya. "Yanzu yake wurin keken nan nasa."

Wanda ya san Baba ya san daga keke zuwa ƙarshen labarin tafiya ce mai nisa. Umma ta ce ita dai ba ta shiga, ba ta kuma aika kowa, don duk wanda ya ce baƙo ya kunna waya sai Baba ya tambayi dalili. Ta ɗauki farantinta ta fita.

Na zauna ina kallon wayar kamar mai jiran sakamakon asibiti. In na shiga, Baba zai gane da hannuna, sharaɗinsa ya karye. In ban shiga ba, babu zubin farko, babu abin da za a nuna masa, kuma mutumin da ya amince da aikina zai buɗe akwati ya tarar da dafaffen ƙwai. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

"Sanyi. Zafi: 103.9. An kunna hita."

Yaya ta taso ta tsaya a kaina. Na ɗauka faɗa za ta yi, don ta fi kowa hujjar yi mini faɗa.

"Ya taɓa ce miki ki yi masa?" ta tambaya.

"Bai taɓa ba."

"Da kika yi, ya ce ya gode?"

"Har na gaji da ji."

Ta gyara mini mayafi a kafaɗa, ta ɗora mini kwamfutar a hannu, ta buɗe ƙofa. "Wuce. In za ki yi kuka ki bari sai kin fito."

Tsakanin ɗakinmu da falo ba nisa. Na yi sallama na shiga. Baba yana kan kujerarsa, gilashi a kan hanci, hannu a sama yana kwatanta wani abu. Mai Ƙwai yana zaune a kan kafet ya tanƙwashe ƙafa, lemon da aka zuba masa ko kurɓa bai yi ba. Duka biyun suka juyo.

Na durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri. Wayarsa nake buƙata, yanzu."

Baba ya sauke hannunsa.

Na juya wajen Mai Ƙwai, ban iya kallon idonsa ba. "Sabon ma'aunin ne. Hita ta ƙi mutuwa. Ya kusa ɗari da huɗu."

Ya laluba aljihu, makullin ɗakin ya faɗo kan kafet, ya ciro wayar ya danna. Ba ku san waya tana da nawa ba sai irin wannan ranar. Ta yi haske, ta nuna sunan kamfaninta, ta yi wani ɗan kiɗa a cikin shirun falon, ta tsaya tana neman sabis kamar ba ta da abin yi. Agogon bango sai ƙas-ƙas yake. Daga ƙarshe lambar ta shigo, ya karanto mini. Na shigar, na tura.

Wayoyinmu biyu suka yi ƙara tare.

"Zafi ya yi yawa: 104.6. An kashe hita."

Muka zuba wa kwamfutar ido, ni a durƙushe, shi ya matso da gwiwoyinsa, mun manta a gaban wa muke. Rahoto na gaba ya zo, 104.5. Na bayansa, 104.1. Sannan 103.6. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdulillahi," a hankali.

"Kun gama?" in ji Baba.

Sai a lokacin muka tuna. Kowa ya ja baya.

Baba ya cire gilashinsa ya ninke. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. "Samari, ɗazu na tambaye ka ko da hannun 'yata a cikin aikinka. Me ka ce mini?"

"Na ce babu, Baba."

"Baba, ni ce na sa shi ya..."

"Ban zo kanki ba tukuna." Bai ko kalle ni ba. Ya nuna makullin da ke kan kafet. "Ɗauki abinka ka je ka duba su. Ba a barin abu mai rai cikin zafi a zauna hira."

Mai Ƙwai ya miƙa hannu. Ya ɗauki makullin, ya rusuna har ƙasa, ya fita. Na ji ƙarar ƙofar gida. Lemonsa yana nan cike a kofin gwal.

Baba ya miƙo hannu. "Kawo wayarki."

Na ba shi. Ya ɗora ta a kan gwiwarsa, idonsa a bango.

"Yayarki ma da ɗan taimako ta fara," ya ce. "Yau ki riƙe mini shago, gobe ki je sari." Ya juyo ya dube ni. "Kin san abin da ya fi ƙona mini rai, Auta? Da ya ce babu hannunki, daɗi na ji. Har cikin zuciyata na ji daɗi. Na ce to, wannan karon na dace."

Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Hawayen da Yaya ta ce in riƙe suka zubo, ban ko goge ba. Bai ce in tashi ba, ni ma ban tashi ba. Haka muka zauna, shi a kujera ni a ƙasa, hasken taga yana ja baya, Umma tana wucewa ta bakin ƙofa tana komawa kamar mai neman wani abu.

Dab da magariba wayar ta yi ƙara a kan gwiwarsa. Ya duba, ya miƙo mini ba tare da ya sake ta ba. "Buɗe."

Na sa yatsa ta buɗe. Ya mayar da gilashinsa.

Ɗan bidiyo ne. Ɗaki mai duhu, hannun Mai Ƙwai riƙe da ƙwai ɗaya a kan tocila, ƙwan ya yi ja kamar garwashi, ga jijiyoyi siri-siri a jikinsa. A tsakiya wata 'yar inuwa ta motsa, ta tsaya, ta sake motsawa. A ƙasa ya rubuta: "Na haska da yawa. Na saman kusa da hita wasu sun yi shiru. Amma irin wannan sun fi yawa. Ƙaryar ni na yi ta da bakina, kada ki ɗauka. Zan dawo in faɗa wa Baba haka, ko korata zai yi."

Baba ya karanta. Ya sake kunna bidiyon, ya kawo wayar kusa da fuskarsa, ya kalli inuwar nan har ta gama motsinta. Sannan ya zura wayata a aljihun rigarsa, ya tashi ya ɗauki hularsa zai tafi masallaci. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Yaushe za su fito?"

"Sati mai zuwa, Baba, in Allah ya yarda."

Ya fita.

To kun ji inda wayata take. Bai ba ni ba, ni ma ban isa in tambaya ba. Bai ce Mai Ƙwai ya dawo ba, bai ce kada ya dawo ba. Umma ta daina yi mini magana sai ta dole, Yaya kuma duk ta gan ni sai ta ce, "Sannu, uwar kaji." Abinci ma da ƙyar nake tura shi.

Abin da na manta shi ne, duk saƙon da injin ya turo, aljihun Baba yake sauka. Yau da safe ina shirin ofis na ji an ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinmu. Na buɗe na gan shi tsaye, gilashi a kan hanci, wayata a hannu, fuskar nan a ɗaure tamau.

"Casa'in da tara da ɗigo shida," ya ce. "Daidai ne, ko ya yi yawa?"

"Daidai ne, Baba."

"To."

Ya mayar da ita aljihu ya wuce. Maganar turo manya kuwa, ko kalma ɗaya bai ce ba.